TSAGAR FUSKA DA SAUYIN MA'AUNIN KYAU A ƘASAR HAUSA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda tsagar fuska ta tashi daga zama ado da abin alfahari a ƙasar Hausa, ta koma abin da mai shi yake so ya ɓoye. Wannan sauyi bai ɗauki dogon zamani ba, kuma mafi yawansa ya auku ne a kan idon kakanninmu da iyayenmu. A garuruwa kamar Argungu da Sabon Birni da Maraɗi ana iya samun gida guda wanda kaka take ɗauke da zube tun daga bakinta har kunne, 'yarta tana da bille ɗaya tak, jikarta kuwa fuskarta sumul. Kowacce daga cikin ukun nan an yi mata abin da mutanen zamaninta suka ɗauka shi ne daidai, amma a yau ta ukun kaɗai ake kira kyakkyawa ba tare da an yi togaciya ba.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa ma'aunin da jama'a suke auna kyau da shi yana da tarihi kamar yadda sarauta da kasuwanci suke da tarihi. Yaƙi da bauta da fatawar malamai da mulkin Turawa da hoto da makaranta duk sun sa hannu wajen ƙera shi. In hakan ya tabbata, to, wanda ya samu kansa a waje da ma'aunin zamaninsa bai rasa kyau ba, ma'aunin ne ya gusa ya bar shi. Wannan magana kuwa ta shafi mutane rayayyu, waɗanda wasunsu suna zaune a azuzuwan da muke koyarwa.

2.0 TSAGA DA IRE-IRENTA

Bahaushe yana da kalmomi da dama a kan wannan al'ada: tsaga, zane, shasshawa, aska, jarfa. Mai yin ta shi ne wanzami, wanda sana'arsa ta gado ce, ta kuma haɗa da aski da ƙaho da kaciya da cire belu. Wanzamai suna da shugabansu, watau Sarkin Aska, kuma kusan kowane gida yana da wanzaminsa wanda ya gaji yi wa gidan aiki daga ubansa. Saboda haka zabirar wanzami ba kayan aiki kaɗai take ɗauke da su ba, mai ita ya san asalin kowane gida da irin askar da ta dace da shi.

Masana al'ada sun saba kasa tsaga gida uku, kuma wannan rabo yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya.

Ta farko ita ce tsagar gado. Ana yi wa jariri ita, galibi a ranar suna, kuma ta dangin uba ce. Ita ce ake kira da sunan jama'ar da ta mallake ta: Gobirci, Kabanci, Zamfarci, Katsinanci, Arauci, Barebarci. Ta Gobirawa da ta Kabawa dogaye ce, tana tashi daga gefen baki ta bazu a kan kunci ta nufi kunne. Jariri ba ya zaɓen wannan tsaga, kamar yadda ba ya zaɓen uba.

Ta biyu ita ce tsagar magani. Ana yin ta a goshi ko a ƙirji ko a ciki domin wata cuta, ko kuwa saboda wabi. Matar da 'ya'yanta suke mutuwa suna ƙanana akan sa wa wanda ta haifa suna irin su Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, wani lokaci kuma a yi masa tsagar da ba ta gidansu ba, don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko ya tsaya.

Ta uku ita ce tsagar ado, irin su kalangu da 'yan baka da fashin goshi da bille. Wannan ta bambanta da biyun farko ta wajen wanda yake da iko a kanta. Sau da yawa budurwa ce da kanta, bayan ta yi wayo, take zaɓen abin da za a zana mata da inda za a zana shi, a kunci ne ko a wuya ko a dantse, sa'an nan a goga baƙi a kai don ya fito. 'Yan mata biyu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya suna iya haɗa tsagar gado, su bambanta a ta ado. Ke nan fuska ɗaya tana iya faɗin abu biyu a lokaci guda: ga dangin da na fito, ga kuma yadda ni kaina nake so a gan ni.

3.0 FUSKA A MATSAYIN SHAIDA

Kafin a yi maganar kyau sai an fahimci amfani, domin abin da jama'a suke dogara da shi a rayuwa ba ya daɗewa bai zama kyakkyawa a idonsu ba. A zamanin da babu takardar shaida, fuska ita ce takarda. Falke da ya sauka a zangon da bai san kowa ba, kafin ya buɗe baki an san daga inda ya fito. Bagobiri da ya haɗu da Bayarabe a hanyar fatauci ya sami abokin wasa, haka Babarbare da Bafillace, kuma wasan nan na barkwanci yakan jawo masauki da abinci da kariya.

A lokacin hare-hare da kamun bayi amfanin ya fi haka nauyi. A shekarar 1615 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya amsa tambayar da aka aiko masa game da wanda ya halatta a bautar. Ya bayyana cewa launin fata ba shi ne dalilin bauta ba, ya kuma lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne tun da daɗewa, cikinsu har da Kano da Katsina da Barno. Tun da hukunci ya rataya a kan asalin mutum, duk wata alama da za ta nuna asalin nan ta zama abin kulawa. Yaron da aka sace yana ƙarami zai iya manta sunan garinsu, har ya manta harshen uwarsa, amma tsagar da ke kuncinsa tana nan, kuma da ita dangi suke iya gane nasu su fanso shi.

Shaidar wannan ta rubuce tana can ƙetare. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta sun riƙa tare jiragen bayi a teku suna kai mutanen da ke ciki Saliyo. Daga 1808 akawunan kotu a can suka soma rubuta sunan kowane mutum da shekarunsa da tsawonsa da irin tsagar da ke jikinsa, wani lokaci ma har su zana ta a gefen sunan. An yi irin wannan rajista a Hawana ta ƙasar Kuba. Akawunan nan ba su san ma'anar abin da suke zanawa ba, burinsu kawai su iya bambanta wannan da wancan. Amma masana tarihi na wannan zamani suna amfani da zane-zanen wajen gano ƙasashen da mutanen suka fito. Haka kuma a Amurka da Barazil, masu neman bawan da ya gudu sukan ambaci tsagarsa a cikin cigiyar da suke bugawa a jarida. An raba mutanen nan da suna da tufafi da harshe da dangi, abin da aka kasa ƙwacewa shi ne wanda wanzami ya rubuta ranar suna.

4.0 JIHADI DA BAYANSA

Malaman Musulunci ba su taɓa ɗaukar yankan fata don ado abin yabo ba. Sun sa shi a babin sauya halittar Allah, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin ilmi a ƙasar Hausa yake karantawa, ta hana mata yin jarfa da ƙarin gashi. Saboda haka tun kafin ƙarni na 19 akwai ma'auni biyu a ƙasa ɗaya, na zauren malam da na zauren wanzami, kuma galibin jama'a suna zuwa duka biyun.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba ma'aunin farko ƙarfin da ba shi da shi a da. An yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a wannan shekara, Birnin Kabi ya faɗi a 1805, Alkalawa kuma a 1808. Gidajen sarautar da aka kora ba su ɓace ba. Katsinawa sun kafu a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya kuma a Sabon Birni, Kabawa suka tsaya a Argungu, inda Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Zagezagi kuma suka gangara kudu suka kafa Abuja, wadda ake kira Suleja a yau. A irin waɗannan wurare tsagar gado ta ƙara samun wata ma'ana. Mai zube a kunci yana shelanta cewa shi ɗan gidan da bai miƙa wuya ba ne. Ba abin mamaki ba ne cewa yankin Gobir da Kabi da Arewa yana cikin wuraren da manyan tsage-tsage suka fi daɗewa. Wannan shi ne karo na farko a tarihin da muke bi da tsaga ta zama kyan waɗanda suke waje da babbar daula, kuma masu ita ba su ɗauke ta abin kunya ba ko kaɗan.

Sai dai kuskure ne a ce jihadi ya kashe tsaga a cikin daular Sakkwato. Ba a daina ta ba, har a fada. A gidan Sarkin Kano bayin sarki suna da tasu askar da ake kira uku-uku. Wanda ya san matsayin Shamaki da Ɗanrimi da Sallama a mulkin Kano na ƙarni na 19 ya san cewa wannan alama ba ta ƙasƙanci ba ce kurum. Tana nuna bauta, tana kuma nuna kusanci da sarki, kuma talaka ɗa yakan kauce wa mai ita a hanya. Yanka ɗaya ne, amma ma'anarsa tana bin ƙarfin wanda yake ɗauke da shi.

5.0 IDON BAƘO

Turawan farko da suka ratsa wannan yanki sun dubi tsaga da idon ƙasarsu. Manjo Denham, wanda ya zauna a Barno tsakanin 1823 da 1824, ya ƙirga yanka ashirin a kowane ɓangare na fuskar mutanen Barno, ya ƙara da na goshi da hannuwa da ƙafafu, ya kuma nuna tausayinsa ga jariran da ake yi wa. Tausayin nan ba abin zargi ba ne. Abin lura shi ne bai nemi sanin abin da masu tsagar suke gani a cikinta ba.

Bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903, tsaga ta shiga takardun gwamnati. Manjo Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya tattara zane-zanen fuskoki masu yawa ya buga su a 1911, ya sake kawo su a littafinsa na camfe-camfe da al'adun Hausawa a 1913. Ma'aikatan mulki suna bukatar rarraba jama'a ƙabila-ƙabila, tsaga kuwa ta zame musu hanya mafi sauƙi. Ana rubuta ta a takardar ɗaukar soja da ta ɗan sanda da ta ɗan kurkuku. Ta wannan hanya aka haɗe iri ukun nan da aka ambata a sama aka kira su duka alamar ƙabila. Tsagar ado, wadda mutum yake zaɓa da kansa, ta nutse a cikin wannan suna, kuma har yau ba ta fito ba.

Mulkin Turawa ya kuma janye wa tsagar gado babban dalilinta. Dokar 1901 ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, hare-hare suka tsaya, aka soke bauta baki ɗaya a Arewa a 1936. Uban da ba ya tsoron a sace ɗansa a sayar ba shi da bukatar yi masa alama kamar yadda kakansa yake da ita. Duk da haka al'adar ta ci gaba shekaru da yawa, domin a lokacin ta riga ta zama kyau da mutunci. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar Tsibiri da Maraɗi a hannun Faransa, Sabon Birni da Katsina a hannun Ingila, amma wanzaman ɓangarorin biyu suka ci gaba da yanka aska iri ɗaya.

6.0 SABON MA'AUNI

Abin da wa'azi da mulki ba su gama da shi ba, hoto ya gama. Kafin ƙarni na 20 budurwa tana auna kanta ne da sa'o'inta na dandali, waɗanda suke da irin fatarta da irin tsagarta. An buɗe gidan sinima na Rex a Kano a 1937, kuma daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka soma shigo da finafinan Indiya, waɗanda suka kama zukatan jama'a fiye da na kowace ƙasa. Gidan talabijin na Kaduna ya soma aiki a 1962. A jaridu da mujallu kuma ga tallace-tallacen sabulu da hoda da man shafawa. Fuskar da ake gani a duk waɗannan iri ɗaya ce: fara, sumul, dogon hanci, gashi mai santsi. A 1957 jaridar Daily Times ta shirya gasar sarauniyar kyau ta Nijeriya ta farko, aka soma tantancewa ta hanyar hotunan da 'yan takara suka aika, Grace Oyelude wadda aka haifa a Kano ta yi nasara. Wannan sabon abu ne ƙwarai, watau a ce ƙasa mai ɗaruruwan al'ummomi tana da fuska guda da ta fi kowace kyau, kuma alƙalai za su iya zama su fitar da ita. Lokacin da aka soma shirya finafinan Hausa na bidiyo a Kano a 1990, ma'aunin nan suka tarar, shi suka bi.

Makaranta ta ƙarasa aikin. Makarantun kwana na gwamnati, da shirin yi wa ƙasa hidima na 1973, da shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976, sun tara yaran da ba su taɓa haɗuwa ba. A garinsu yaro mai zube ɗaya ne daga cikin ɗaruruwa. A ɗakin kwanan makaranta shi kaɗai ne, kuma yara ba su da tausayi wajen laƙabi: a ce ya yi faɗa da kyanwa, a ce damisa ta yakushe shi. Tsaga ta zama alamar ƙauyanci. Yaran da suka sha wannan ba'a su ne suka girma suka hana wanzami taɓa fuskar 'ya'yansu, sau da yawa bayan doguwar jayayya da iyayensu.

Ko a wannan zamani ba a rasa masu tsaga a manyan kujeru ba. Samuel Ladoke Akintola, Firimiyan Jihar Yamma, yana da tsagar gidansu, haka Janar Sani Abacha. Ba wanda ya ce musu 'yan ƙauye. Wannan ya ƙara tabbatar da abin da aka gani a fadar Kano, ya kuma nuna cewa nauyin sabon ma'aunin a kan mata da marasa ƙarfi ya fi sauka, musamman a wajen neman aure.

7.0 LAFIYA DA DOKA

Dole ne a faɗi gaskiya game da illa. Askar da ba a dafa ba, wadda aka yi wa yara da yawa aiki da ita, tana iya ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan. Akwai tetanas mai sandarar da jiki, akwai ciwon hanta, akwai zubar jini, akwai kuma tabon da yake kumbura ya yi tudu. Da aka tabbatar da ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, ma'aikatan lafiya suka tsananta gargaɗi a kan duk wani yanka da ake yi da ƙarfe ɗaya. A 2003 aka kafa dokar kare haƙƙin yara, wadda sashe na 24 nata ya haramta yi wa yaro jarfa ko tsaga, ya kuma tanadi tara ko ɗauri. Jihohi sun riƙa kafa irin tasu daga baya.

Wannan takarda ba ta kira a koma wa tsagar jarirai. Jariri ba ya iya ba da izini, yankan kuma ba ya gogewa, ga hani na addini, ga haɗarin cuta. Dalilan barinta sun isa. Abin da ake jan hankali a kai shi ne bambanci tsakanin barin al'ada da wulaƙanta wanda aka riga aka yi wa ita. Masu yaƙi da tsaga sun sha kiranta muni da ɓata fuska don su tsorata iyaye, suka manta cewa dubban masu sauraronsu da wannan fuskar za su kwana, da ita za su tashi.

Akwai kuma tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu: da muka ajiye aska, mun daina cutar da fata don neman yardar jama'a? Mayukan sauya launi, masu ɗauke da sinadarin haidirokwinon da zaiba da makamantansu, suna sa fata ta yi laushin da rauni ba ya warkewa da wuri, zaiba kuwa tana lalata ƙoda. Tun a 1976 Fela Anikulapo Kuti ya yi waƙa yana yi wa masu shafe-shafen nan ba'a. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, kuma an sami iyaye mata da suke shafa wa ƙananan yara. Kakar da ta miƙa jikarta ga wanzami da uwar da take shafa wa 'yarta mai, nufinsu ɗaya ne, kada yarinya ta fita daban a raina ta.

8.0 ABIN DA HARSHE YA ADANA

Idan aka koma ga harshen Hausa za a ga cewa ma'auninsa ya fi na hoto faɗi. Gaskiya ne akwai kirarin farar mace alkyabbar mata, wanda ya nuna cewa son farar fata ba sinima ce ta ƙirƙiro shi ba, ta dai tarar da shi ta hura masa wuta. Amma harshen nan dai shi ne ya yaba wankan tarwaɗa, ya yaba baƙa mai sheƙi, ya ba giɓin haƙora suna na musamman, wushirya, ya sa ta cikin abubuwan so, alhali a wasu ƙasashe likita ake biya ya toshe ta. Da goro da fure mata suke rina haƙora su yi ja, ana kallon haka a matsayin gayu, a yau kuwa farin haƙori ake nema. Kalmar kyau kanta ba ta tsaya ga jiki ba. Ana cewa kyan hali, kyan alkawari cikawa, ana kuma gargaɗi da kyan ɗan maciji. Akwai farin jini da kwarjini da fara'a, waɗanda ba a auna su da tsawon hanci. Lokacin da Kirk-Greene ya yi nazarin mutumin kirki a wurin Bahaushe, a laccar da aka buga a 1974, siffofi goma ya lissafa, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci, babu ko ɗaya da ta shafi ƙirar jiki. A Alƙur'ani mai girma kuma, cikin Suratur Rum, an ƙirga sassaɓawar harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Malamin da ya kafa hujja da addini wajen hana tsaga, wannan hujja ta hau kansa wajen hana raina halittar wani da hana kankare launin fata.

9.0 KAMMALAWA

An ga yadda tsaga ta zama takardar shaida a zamanin fatauci da bauta, ta zama tutar waɗanda suka ƙi miƙa wuya bayan 1804, ta zama alamar iko a fadar Kano, ta koma abin ƙirga a littafin Bature, daga ƙarshe ta zama abin ba'a a makaranta. A duk tsawon wannan lokaci yankan bai sauya ba, masu kallo ne suka sauya. Zamani riga ne, kuma babu dalilin zaton cewa rigar da muke sanye da ita yau ita ce ta ƙarshe.

Daga wannan akwai aiki iri uku da ya rataya a wuyan mahalarta wannan taro. Na farko, sassan Hausa da na tarihi su hanzarta tattara ilmin tsofaffin wanzamai, a zana kowace aska, a rubuta sunanta da gidan da ke da ita da yadda ta bambanta daga gari zuwa gari, domin sanin nan a ka yake, masu shi kuwa suna ƙarewa. Abin takaici ne a ce akawun Saliyo ya adana abin da mu muka bari ya salwanta. Na biyu, kwalejojin horon malamai su shigar da wannan tarihi cikin darasin al'ada, don malamin da ya ji ana yi wa ɗalibi ba'a saboda fuskarsa ya sami abin faɗi wanda ya wuce tsawa. Yaron da aka gaya masa cewa zanen kuncinsa ya taɓa fanso mutane daga bauta, zamansa a aji ba zai zama ɗaya da na wanda aka bari da labarin kyanwa ba. Na uku, marubuta da masu shirya fim su ba mai tsaga da baƙar mace da mai wushirya matsayin da ba na ban dariya ko na ɗan aike ba, tun da ta hanyar hoto ma'aunin ya ƙuntata, ta nan kuma ya fi sauƙin faɗaɗa.

Masu tsagar gado da ke raye a yau mai yiwuwa su ne na ƙarshe a gidaje da yawa. Ba su suka zaɓi askar ba, ba su kuma suka sauya ma'aunin ba. Haƙƙinsu ne a kanmu mu san abin da ke rubuce a fuskarsu, mu kuma koya wa na baya su karanta shi da ladabi.